Idan Hajiya ta danna, wa zai zo?

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu da rabi, wayata ta yi ƙara. Duk wanda ke zaune a ƙasar waje ya san faɗuwar gaban da kiran irin wannan lokaci ke jawowa. Sai da na yi salati kafin na duba, don na ɗauka daga gida ne. Ashe wata baturiya ce daga cibiyar da ke sa ido kan tsofaffi, wai maƙwabciyata ta faɗi a banɗaki, kuma sunana ne na farko cikin waɗanda ta ce a kira.

Tsohuwar ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune a gidanta a nan arewacin Ingila. Kullum akwai wani abu rataye a wuyanta kamar laya, mai jan maɓalli guda ɗaya tak. Ruwa ba ya ɓata shi, da shi take wanka. Da ta faɗi sai ta danna, wani akwati da ke falo ya kira cibiyar da kansa, murya ta fito ta lasifika da ƙarfin da za a ji har banɗaki, ana tambayarta ina ke mata ciwo. A jikin bango kusa da ƙofarta akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobin sirri, mukulli na ciki. Na buɗe na shiga, na tarar da ita kwance kan tayil mai sanyi tana rawar ɗari. Na lulluɓa mata bargo, muryar nan kuwa ba ta daina yi mata magana ba har motar asibiti ta iso.

Na koma ɗakina barci ya ƙi zuwa. Hajiyarmu kawai nake gani.

Nan ƙasar, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka tuna da wanda jikinsa ya fara gajiya. A kantar banki ko kantin magani za ka ga hoton kunne da harafin T, alamar cewa mai na'urar ji zai iya jin ma'aikaci tar ba tare da hayaniyar wurin ba. Injin cirar kuɗi na da ramin da makaho zai sa abin kunne, injin ya karanta masa komai. A wurin tsallaka titi, ƙarƙashin akwatin da ake dannawa, akwai ɗan ƙarfe mai tsini da ke juyawa idan lokacin wucewa ya yi, saboda wanda ba ya gani kuma ba ya ji sosai. Bas ma har durƙusawa take yi don tsoho ya hau. Doka ce ta tilasta: akwai ta daidaito ta 2010, sannan a 2018 aka wajabta wa hukumomin gwamnati su gyara shafukansu na intanet yadda mai raunin ido zai iya amfani da su.

Ba wai aljanna ba ce. Ana ta rufe rassan banki ana tura tsofaffi kan manhaja, kuma ɗiyar maƙwabciyar tawa sai ranar Asabar ta leƙo. Wannan kam ya yi mini ciwo.

Amma mu fa? Sau uku aka kai Hajiya wani banki a Keke Napep saboda na'ura ta ƙi karanta yatsanta. Hannun da ya shekara sittin yana daka da surfe da wanki, zanen yatsa ya suɗe. Yaron da ke wurin ya ce ta goga a goshi ta sake ɗorawa, ta goga, ta sake, daga ƙarshe aka ce babu netwok. Lokacin wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 aka ce kowa ya koma taransfa, alhali rubutun da ke fitowa a 'yar wayarta Turanci ne, ƙanana kamar ƙwayar gero, kafin ta laluɓo tabarau ya ɗauke. Yanzu katinta da lambar sirrinta duk mai POS na bakin layi take miƙa wa. Allah ne kawai ke tsarewa. Muna da dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, har aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara. A je a ƙirga matattakalar bankunan garinmu.

Kada kuma a ce tsofaffinmu ne ba sa son zamani. Tun da aka nuna wa Hajiya saƙon murya na WhatsApp, kullum sai ta aiko. Danna ka riƙe ka yi magana da Hausarka, shi ke nan. Abin da aka yi daidai da hannunta, ta karɓa.

Da na ba da labarin maƙwabciyata a zauren danginmu, Yaya ya ce mu ba ma buƙatar laya mai batir, tsohonmu ba ya kwana shi kaɗai. Ni ma da wannan maganar nake yi wa turawa gori a wurin aiki. To amma mu ƙirga. Yaya na Abuja. Ƙanwata ta yi aure a Kaduna. Autanmu na makaranta. Ni ina nan. Gidan da a da ake sauke tukunyar mutum ashirin, yanzu daga Hajiya sai jikarta 'yar shekara goma sha biyu, mai nauyin barcin da ko ganga aka buga ba ta motsi. Hajiya kuma ga hawan jini, ga ciwon gwiwa, kuma kafin kiran assalatu take fita alwala, da damina tsakar gida duk santsi. Jama'ar da muke taƙama da ita mu ne, mun kuwa watse.

Washegari na sa ɗan maƙwabtanmu ya saita mata wayar, in ta danna lamba biyu ta riƙe, kira ya tafi. Na yi mata bayani a hankali. Ta ce, "To in na danna, wa zai zo?" Na ce ni zai kira, Hajiya. Ta ce, "Ke kuma daga can sai ki yi yaya?" Na ce sai in kira Yaya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko sanyin garin da nake ya ragu.