Ambaliyar da Masarawa ke jira, da wadda muka datse a Haɗeja

Bahaushen da ke zaune a Masar ba ya daɗewa bai ji an ce kogin Nilu ne ya yi ƙasar ba. Ni a ganina rabin zancen ke nan. Abin da ya ciyar da mutanen zamanin Fir'auna shi ne sanin lokacin da za a buɗe wa ruwa hanya, da lokacin da za a sallame shi.

Daminar tsaunukan Habasha ce ke cika kogin. A da, ruwa kan fara tashi a Aswan, a kudancin Masar, wajen ƙarshen Yuni, ya kai maƙura cikin Satumba, ɗauke da baƙar laka. Kafin ya iso, manoma sun riga sun kasa kwarin gida-gida da ganuwar ƙasa. Sai a fasa bakin magudana, ruwa ya kwanta a gonaki da zurfin mita ɗaya ko fiye, a tsare shi kwana 40 zuwa 60. Laka ta zauna, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Kogi na ja da baya cikin Oktoba, sai a saki ragowar ruwan ya koma, ya tafi da gishirin da ke taruwa a ƙasa. Wannan sakin ne ya sa aka yi dubban shekaru ana noma wuri ɗaya bai mutu ba. Daga nan a watsa irin alkama da sha'ir a danshi, a koro tumaki su tattake shi, a yi girbi tsakanin Maris da Mayu ba tare da ban-ruwa ba. Jigo ma daga baya ya shigo, kuma lambu aka fi yi da shi.

Ba kullum ake kwana a gado ba. In ruwa ya gaza, gonakin da ke kan tudu ba sa samu. In ya yi yawa, ya fasa ganuwa, ya narkar da gidajen tubali, shuka ta makara har zafin bazara ya riski hatsi bai nuna ba. Shi ya sa suka gina ma'aunin ruwa, irin wanda ke tsibirin Elefantin. Pliny, marubucin Rumawa, ya ce kamu 12 yunwa ce, kamu 16 kuwa wadata.

Wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru ba zai ga baƙon abu a nan ba: shinkafa lokacin cikar ruwa, wake bayan ya janye, masunta da kifinsu, Fulani da ciyawar rani. Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, a kan kogunan da ke kai wa fadamar ruwa. Ambaliyar shekara ta ragu, ruwa ya koma tsiyaya rani da damina. Ƙasar da ba ta bushewa kuwa ita ciyawar kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, tsuntsun jan-baki mai cin hatsi ya samu mafaka a cikinta.

Masar ma ta datse nata kogin da babbar madatsar Aswan a 1970, kuma ba zan ce ba ta amfana ba: ta tsira daga farin shekarun 1980, tana noma sau biyu ko uku a shekara. Amma laka ta tsaya a tafkin Nasir da ke bayan madatsar, manomi ya koma sayen takin zamani, gwamnati na binne bututu ƙarƙashin gonaki don janye ruwan gishiri, teku kuma na cin gaɓa a Rashid, inda reshen Nilu ke shiga teku.

Su Masarawa ba su da damina, dole ta sa su. Mu muna da ita, kuma ba sai an rushe Tiga ko Challawa ba. A tsara sakin ruwa mai yawa cikin Agusta da Satumba, a sanar da garuruwan da ke ƙasa tun da wuri, a rage shi sosai da rani domin magudanai su bushe a samu damar yashe kacalla.