Arba'in a cire talatin, wai saura goma

Ga yadda aka yi na faɗa wannan aiki. Ana neman masu sa kai da za su riƙa zama da 'yan sakandare awa ɗaya a mako suna ba su shawara kan kamfanin da suka kafa, ni kuwa mai shekara 14 a aikin akanta na ce ai wannan ruwa bai kai gwiwa ba. Irin tsarin nan ne da ƙungiyar Junior Achievement ta faro a Amurka a 1919, Young Enterprise kuma ta kafa nata a Ingila a 1962: yara su sayar da hannun jari, su zaɓi shugabanni, su yi kaya su sayar, ƙarshen shekara su rushe kamfanin su raba wa masu jari abin da ya rage. Tamu ƙaramar ƙungiya ce da ta kwaikwayi tsarin. Doka uku aka ba mu: kada ka taɓa kuɗinsu, kada ka keɓe da ɗalibi, kada ka yanke musu hukunci. Biyun farko na kiyaye su ƙwarai.

Yara 12 aka ba ni, suka ce kyandir mai ƙamshi za su yi a kofin gilashi. Suka sayar da hannun jari 100, kowanne a kan 130 (ku ɗauki lambobin a duk kuɗin da kuka ga dama), jari ya tashi 13,000. Dubu ɗaya ta tafi a kuɗin teburin baje koli, tukunya da ma'aunin zafi. Ragowar 12,000 aka yi kyandir 120, wato kowanne ya ci 100. Kofi mai cin mililita 200 kimanin giram 170 na kaki yake ɗauka, domin kaki bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa kilo 20 da ɗoriya ya wadatar. Turare kashi 7 cikin 100 na nauyin kakin. Ashirin ɗin farko sun lalace saboda lagwanin ya yi siriri: in ka kunna sai ya haƙa rami a tsakiya, gefe yana nan daskare, can wutar ta nutse ta mutu. Kofi mai faɗin santimita 7 ya kamata cikin awa uku saman ya narke har baki, kuma da guda ɗaya ake gwadawa kafin a zuba sauran. Ba mu gwada ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ranar sa farashi ni na tsaya gaban allo na ce a ɗora 40 a kan 100, a sayar 140. "Kun ga ribarmu kashi 40 ke nan." Har na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar baje koli, har rana ta take tsaka 30 kacal muka sayar. Shugaban kamfani, wani yaro mai kwat ɗin da hannunta ya rufe masa yatsu, ya zo ya ce masu talla na son a yi rangwamen kashi 30. Ma'ajiyarsu, 'yar shekara 16 da ba ta rabuwa da ƙaramin littafinta, ta ce, "Kawu, ina ganin kamar..." Na ɗaga mata hannu. Wallahi har yau ina ganin hannun nan nawa a sama. Na ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Arba'in a cire talatin, saura nawa?" Ta ce goma. Na yago gefen kwali na rubuta mata 40 − 30 = 10, na miƙa mata kamar mai ba da takardar shaida. Cikin awa biyu kyandir 56 suka tafi. Ni ne kan gaba wajen tafi, har ina leƙa teburin maƙwabta ina yi musu jaje a zuciyata.

Sai ranar taron masu hannun jari. Iyaye sun cika aji, shugabar makaranta na gaba, sauran masu ba da shawara na jere a gefe. An ba ni kujera a sahun farko, na harɗe ƙafa. Yarinyar ta kunna majigi, abin da ya fara bayyana a bango shi ne kwalina. Ashe ta adana shi, ta ɗauke shi hoto. Rubutun hannuna, kowace lamba ta kai tsawon kamu guda, har da ɗan da'irar da na zagaye goman da ita.

Ta ce, cikin ladabi, wanda shi ya fi ciwo, "Wannan ce shawarar da Kawu ya ba mu." Sannan ta bi abin daki-daki kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Arba'in ɗin da muka ɗora, a kan 100 aka lissafa ta, kuɗin da muka kashe. Rangwame kuwa a kan 140 ake cire shi, kuɗin da mai saye ke biya. Kashi 30 na 140 shi ne 42, saura 98. Kowane kyandir da na tafa wa, mun bi mai sayensa da kyautar 2. Ribarmu ta gaskiya tun farko 40 ce cikin 140, kashi 28.6, don haka duk rangwamen da ya wuce nan asara ce. Da kashi 40 muke so da gaske, da sai a raba 100 da 0.6, a sayar kusan 167.

Na sauke ƙafata. Wani uba a baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Na ji gumi na bin bayana, na shiga duba wayata kamar an aiko mini saƙon gaggawa, alhali allon a kulle yake. Na ce to, an gama. Sai ta ce, "Kuma ba a nan ya tsaya ba." Tunda 20 sun lalace, 12,000 ɗin a kan kyandir 100 za a raba ta, kowanne ya tashi 120. Asarar kowane mai rangwame 22 ce ke nan, ba 2 ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ko na yi kuskure, Kawu?" Duk ajin ya juyo tare da ita. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Abin da na iya cewa shi ne, "Madalla, dama gwada ku nake yi." Babu wanda ya yi dariya, in ban da mutum ɗaya.

Malamin lissafin makarantar ne, mai jan biro a aljihu. Yana zaune a bayan aji ranar da na ja layi biyu a allo. Yana tsaye dab da teburinmu ranar da na yago kwali, har shi ya ara mini biron. Uffan bai ce ba. Da na tare shi a waje na ce, "Malam, kana gani ka yi shiru?" sai ya ce ai manufar shirin ke nan, yara su koya daga kuskure, kuma dokar ba ta ce kuskuren wa ba. Mutumin da ke da hannun jari goma a kamfanin! Ya gwammace kuɗinsa su narke muddin zai ga akanta ya sha ƙasa a gaban jama'a. Kuma shi ne yanzu duk inda ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Yallaɓai, ina ribar jarina?" An ce ma ya mayar da kwalin tambayar jarrabawa, ya sakaya sunana da "wani akanta", kamar akantoci nawa ne ke shiga makarantar.

Ragowar kyandir 14 ni na saye, a cikakken farashi, 140 kowanne, ma'ajiya ta rubuta mini rasit ba ta rage mini ko ɗaya ba. Da wannan aka tashi da 11,648, duk wanda ya zuba 130 ya karɓi 116. Na so in haɗa da lalatattun 20 ɗin, ta ce an riga an rubuta su a shafin asara, sai dai in zan ɗauka kyauta. Na ɗauka. Suna nan a kan kabad, ina kunna ɗaya yana haƙa raminsa ya mutu. An aiko mini fom ɗin shekara mai zuwa, akwai gurbin da aka ce a rubuta fannin da mutum ya ƙware, ban cike shi ba tukuna.