Rumfa kawai nake nema wa tsohon ƙarfe

Daren jiya a fadarmu ta nan Yamai, shayi na biyu yana kan wuta, ƙanena ya miƙo mini waya yana dariya. Ya ce, "Yaya, zo ka ga inda Turawa ke zuba kuɗinsu." Bidiyon wasu dattawa ne a Birtaniya, kai duk furfura, hannu baƙi ƙirin da maiko, suna goge wani tsohon kan jirgin ƙasa mai cin gawayi, suna kuma roƙon gudummawa don su gina masa rumfa. Fada ta kece da dariya. Wani ya ce ƙoshi ne ke jawo haka. Wani ya ce da a kasuwar Katako ne, da tuni an auna shi a kilo an yi tukwane da murhu.

Ni ban yi dariya ba, har aka fara yi mini ba'a wai ko ina da gado a ciki. To, ina da shi, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kakana mutumin Adar ne, daga wani ƙauye kusa da Tawa. Kamar yawancin samarin zamaninsa, da an gama girbi sai cirani. A ƙafa suke takawa har Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya iso a 1929, daga nan su hau jirgi zuwa Zariya, wasu su wuce Jos haƙar kuza, wasu Ikko. Muna yara yakan ba mu labarin dodon nan mai huci. Ya ce yana shan ruwa fiye da garken raƙuma, kuma in ka leƙo ta taga tartsatsin gawayi zai huda maka riga. Ya rasu ban taɓa ganin abin da yake kwatantawa ba. Ƴaƴana ma ba su gani ba, kuma babu inda zan kai su a ƙasar nan su gani.

Za a ce, ai Nijar ba ta taɓa yin jirgin gawayi ba, me ya haɗa mu da shi? Gaskiya ne bai taɓa taka ƙasarmu ba. Amma wa ya ci da shi? Tun da dogo ya shiga Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram a tashoshin nan ake sauke ta daga bayan raƙuma da jakuna da manyan motoci, a loda ta a tarago. Ta kudu kuma, layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku a 1936, kilomita 438, daga nan motoci ke ƙarasa da kaya ta Gaya. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakaninmu da Dahome, wato Benin ta yau, don tafiyar da wannan layi da tashar ruwa, wadda daga baya aka sani da OCBN. Ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na dogo ta shekara da shekaru tana da hannu a kamfanin jirgin ƙasa. Ƙarfen yana can, gumin namu ne.

Abin da ƴan fadarmu ba su gane ba game da dattawan nan shi ne, kan jirgin gawayi ba mota ba ce da za ka jingine a bayan gida ka ce wata rana. Ainihinsa ƙatuwar tukunya ce a kan ƙafafu. Ana hura wuta a baya, zafin ya bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa ruwa, ruwan ya tafasa, tururin ya tura fistan, fistan ya juya ƙafafu. Kafin ya motsa daga sanyi sai an shafe sa'o'i ana ɗumama shi sannu a hankali, don in ka gaggauta ƙarfen zai tsage. A Birtaniya duk shekara goma sai an kwance tukunyar gaba ɗaya an bincike ta kafin a sake yarda ta ɗauki mutane, saboda tukunyar da ta rube in ta fashe ba ta barin kowa a kusa. Abin da ke kashe ta ba aiki ba ne, zaman waje ne. Ruwan sama ya shiga ta bakin hayaƙi, ya haɗu da tsohuwar toka ya zama guba mai cin ƙarfe. Ya kwanta ƙarƙashin rigar kwanon da aka lulluɓe tukunyar da ita, tsatsa ta yi ta ci daga ciki, waje kuwa fenti na sheƙi. Sai masu kwance: usur na tagulla, agogon awon tururi, allon lamba, famfuna. Su ake fara rasawa, kuma su ne ba a samu a kasuwa. Don haka mutanen nan, kafin su yi zancen gyara, rufi da ƙofa mai kwaɗo suke fara nema.

Kar kuma a ce wannan al'adar masu ƙoshi ce. Saliyo ta rufe layin dogonta a 1974. Shekara ɗaya bayan haka wasu masu aikin sa kai daga yankin Wels na Birtaniya suka sayi kan jirgi mai lamba 85 da wasu taragai suka tafi da su, ya ci gaba da jan masu yawon buɗe ido a can. Wasu daga cikin waɗanda suka rage aka kulle su a tsohon garejin jirgi na Cline Town a Firitawun. Aka yi yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002, gari ya ƙone, amma ƙarafan da ke ƙarƙashin rufin nan suka tsira, har da taragon da aka ƙera don ziyarar Sarauniya Elizabet ta 1961. A 2005 wurin ya zama gidan tarihi. Ba kuɗi ne ya cece su ba, wa ke da kuɗi a lokacin? Gini ne mai rufi.

Na Eritriya ya fi burge ni. Bayan sun samu ƴanci, suka ce da hannunsu za su farfaɗo da layin Masawa zuwa Asmara, wanda ke hawa daga bakin teku zuwa sama da mita 2,000. Suka kira tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya, wasu sun haura saba'in, suka tayar da injunan gawayin da Italiya ta bari, a 2003 jirgi ya sake shiga Asmara. Da sun jira shekara goma, da ƙarfen yana nan amma babu wanda ya san inda ake taɓa shi.

Mu ma fa mun iya, in mun ga dama. Ku shiga gidan tarihi na Bubu Hama. Akwai busasshen itace a can, bishiyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kayar a 1973. Aka ɗauko gawarta daga tsakiyar hamada aka kawo Yamai aka gina mata ɗaki. Itacen da ba zai dafa tukunyar biki ɗaya ba, ga shi sama da shekara hamsin ƴan makaranta na tsayawa gabansa. Ƙasusuwan dabbobin da suka mutu shekaru miliyoyi ma an yi musu inuwa. Ban ji wanda ya ce ƙoshi ne ba.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba mai yawa ba ne. A Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, a Janairun 2016 aka yi bikin layin Doso, wajen kilomita 140. Kowa ya san bai zama jirgin haya da za ka yanki tikiti ka hau ba, kuma ba zancen wanda ya yi daidai ko kuskure na zo yi ba, wannan fadodi sun gaji da shi. Ko mutum na son aikin ko yana ƙin sa, jirgin farko da ya yi kuka a birnin nan tarihi ne. Na dizal ne, ba na gawayi ba, amma rana da ƙurar hunturu da ruwan Agusta ba sa tambayar irin man da kake sha. A ware kai ɗaya da tarago ɗaya, a yi musu rufin kwano da katanga, a sa mai gadi. Mun ma fi Turawan sa'a, don iskarmu busasshiya ce, abin da aka rufe a nan yana daɗewa.

Sannan ga layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. In Allah ya sa ya iso, me zai hana a roƙi maƙwabtanmu ko da aron tsohon kan jirgin gawayi ɗaya, irin wanda ya ja gyaɗarmu, a ajiye shi a tashar Maraɗi? Ba sai ya yi tafiya ba. Faɗin layinsa ma ba ɗaya ba ne da sabon, guntun dogo na mita ashirin ya ishe shi tsayuwa. Su da kansu sun ajiye ɗan ƙaramin injin layin Wushishi a tashar Minna, sun san darajar abin.

Wanda ya fi gaggawa kuwa ba ya cin ko dala. Tsofaffin ma'aikatan OCBN, da direbobin da suka yi jigila tsakanin Faraku da Yamai, da ƴan ciranin da suka hau jirgin Ƙaura, kaɗan suka rage. Duk mai irin wannan dattijo a gida, ya zauna da shi ya kunna waya ya naɗi muryarsa. Ni na yi sakaci da nawa kakan, abin da ya rage mini zancen raƙuma da rigar da ta huje.

Da na gama wannan dogon bayani a fada, wani Alhaji da ke gefe bai ce uffan ba tun farko, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, kwano bandir nawa rumfar taka za ta ci?" Na ce ban lissafa ba. Ya ce in lissafa in zo masa da shi ranar Juma'a bayan masallaci. Yanzu haka ina neman wanda ya san tsawon kan jirgi da tarago ɗaya, da tsayinsu daga ƙasa.