Ƙannena, Ku Zo Mu Tuna Azumin Da Muka Yi A Kulle

Assalamu alaikum ƙannena samari, musamman ku 'yan majalisa, da ku da kuka fara riƙe shago da hannunku.

Shekaranjiya bayan Isha'i na wuce wasunku a bakin layi ana hirar korona ana ta ƙyaƙyata dariya. Na ji wani yana rantsuwa wai duk ƙarya ce, an kulle mu ne kawai don manya su ci kuɗi. Yaron da ya faɗi haka, a shekarar 2020 ko gemu bai fara ba. Ban tanka masa a wurin ba don kada in kunyata shi a gaban abokansa, amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuto muku wannan.

Cutar ta ɓulla a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas, a jikin wani ɗan Italiya. Ranar 30 ga Maris Shugaba Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja, Kaduna kuwa ta riga ta kulle kanta. Mu a Kano muna jin labari a rediyo muna cewa ciwon masu hawa jirgi ne, zafin garinmu ma kaɗai ya ishe shi. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Kano. Daren Alhamis 16 ga wata dokar kulle ta Gwamna Ganduje ta fara aiki, aka ce mako ɗaya. Ranar 24 aka ɗauki azumi, ranar 27 Shugaban Ƙasa ya ƙara mana mako biyu. Kasuwar Kwari a rufe, ta Sabon Gari a rufe, ta Singa a rufe, babu adaidaita sahu a titi, babu Juma'a, babu tafsiri, asham kowa a tsakar gidansa. Hawan Sallah ma ba a yi ba a shekarar.

Zan fara da yunwa, domin na san ita ce hujjarku ta farko, kuma hujja ce ta gaskiya. Garinmu gari ne na a fita a nemo a ci. Ɗan dako, mai faci, mai shayi, mai tura baro, matar da ke suyar ƙosai a ƙofar gida, duk wanda ka ce masa zauna a gida ka ce masa kada ka ci abinci ke nan. Ina da maƙwabci ɗan dako, katanga ɗaya ce tsakaninmu. A cikin makon farko na azumi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da daddare. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi ibada, ya sake tambayar iyali, yana ta murza hularsa a hannu. Sai da na ce, "Malam, lafiya dai ko?" sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi maƙwabci, tun jiya ba a ɗora tukunya ba, da ruwa aka sha ruwa." Mutumin da bai taɓa roƙona ko sisi ba a duk zaman da muka yi. Na shiga na auno masa abin da ya sauwaƙa, na dawo na zauna jikina a sanyaye. Kwana goma ina cikin gidana ina ci ina sha, ina jin muryar 'ya'yansa ta kan katanga, ban taɓa tambayar kaina da me suke buɗa baki ba. Har yau in na tuna ina neman gafarar Allah.

To irin wannan bawan Allah, in ya saci jiki ya fita neman abin da zai kai gida, ni ba ni da bakin zarginsa. Da ku nake, ku da tuwo ke jiranku a gida. Titi ya zama fayau, sai kuka mayar da shi filin ƙwallo. Ana buga wasa ana waƙar "babu korona", ana ɗauka a waya ana turawa duniya. Majalisa ba ta tashi ba ko na dare ɗaya. Wanda ya sa takunkumi a fuska a yi masa ihu a ce matsoraci. Magariba ta yi ku koma gida, ku sa hannu a kwano ɗaya da Baba, ku shiga ɗakin Hajiya ku zauna a bakin gadonta. Kai saurayi, in ta kama ka, wataƙila ɗan zazzaɓi da mura ne, ka daina jin ƙanshi kwana kaɗan, ka miƙe. Shi kuwa Baba mai hawan jini, da Hajiya mai ciwon suga, ba su da wannan ƙarfin. Cutar ba ta da ƙafa, ƙafar mai lafiya take ara ta shiga gida.

Waɗanda suka fara ɗaga murya a Kano masu haƙa kabari ne, su suka ce gawar da ake kawowa ta wuce abin da suka saba gani. Duk wanda yake da wayo a lokacin ya san yadda sanarwar rasuwa ta riƙa zuwa a jere, malamai, 'yan boko, attajirai, dattawan unguwa. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken da aka yi: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni a wancan ɗan tsakanin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta mutuwarsu da korona. Sauran ma da yawansu annobar ce ta taɓa su ta bayan fage, domin asibitocin kuɗi da dama sun rufe ƙofa, mai tsohon ciwo ya rasa inda zai je. A layinmu mun rasa dattijon da ke tada mu sallar Asuba. Mutumin da in da a ce lokacin lafiya ne sai an tare titi saboda jama'a, sahu biyu ba su cika ba a jana'izarsa. Ɗan da ya bari yana nan cikinku, yana jin ku kuna cewa ƙarya ce.

Wasunku da addini suka fake, suka ce mai tawakkali ba ya gudun ciwo. Ku koma Bukhari da Muslim. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansaru, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke cewa a juya. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su, ai da ƙaddarar Allah ya kora. Sai ga Abdurrahman bin Auf ya iso ya ce ya ji Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Wa ya kai Umar tawakkali a cikinmu? A shekarar nan ta 2020 da idonmu muka ga filin ɗawafi babu kowa, aka dakatar da Umara, Hajji kuwa 'yan tsirarun mazauna Saudiyya kaɗai suka yi.

Kada ku ɗauka ina wanke hukuma ne. An rufe gari da sanarwar kwana biyu, ba a tanadi abin da talaka zai ci ba. Kayan tallafin da aka yi ta shela, gidaje da yawa a rediyo kawai suka ji shi. A watan Oktoba na shekarar jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, aka ga abinci jibge wanda ya kamata a ce an raba tun watanni baya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasar da sunan tabbatar da doka. Sassaucin da aka yi mana a Kano na Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma zuwa huɗu, ya tara mutanen mako guda a cikin awa shida, kafaɗa na gugar kafaɗa, tazarar da ake wa'azi ta tafi a banza. Duk wannan ya faru, kuma ku riƙe shi, ku tambayi masu neman ƙuri'arku a kansa. Amma gazawar gwamnati ba ta ta da ko mutum ɗaya daga kabari ba. Wanda ya ci amanar tallafi zai amsa tasa tambayar, kai ma da ka kwaso ciwo daga filin ƙwallo ka kai wa kakarka za ka amsa taka.

Ku kuma 'yan kasuwa, da ku nake yanzu, kuma ni ɗayanku ne. A ranakun sassaucin nan na ga mai awo ya canza farashi sau biyu kafin Azahar, don ya ga layi ya yi tsawo kuma ya san babu mai zaɓi. Na ga wanda ya ɓoye kaya a sito yana jiran su ƙara tsada, cikin watan Ramadan. Na ga maigidan da ya sallami yaran shagonsa da "sai an buɗe", ko kuɗin sabulu bai ba su ba, alhali shekara da shekaru su ke buɗe masa shago su rufe. Annabi ya ce ba mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai saɓo, hadisin yana cikin Muslim. Na kuma ga mai kantin unguwa da ya buɗe littafin bashi ya ce kowa ya ɗauka, in an buɗe gari a biya. Wasu sun biya, wasu har yau ba su biya ba, kuma kantinsa yana nan bai rufe ba. Layin da aka samu irin wannan mutum, su ne suka iya zaman gida da gaske, domin dokar kulle ba ta zaunuwa a gidan da babu hatsi.

Annoba ba ta yi mana sallama ba. A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna a Kano, yawanci a kan yara. Amai da gudawa na zuwa da damina, sanƙarau da bazara. Wata rana za a sake cewa a rufe makaranta ko kasuwa ko unguwa, kuma a ranar ku ne magidanta. Saboda haka tun yanzu, duk wanda ke samun na yau da gobe ya koyi ajiye wani abu, ko adashe ne ya shiga, ko kwanon gero ya riƙa zubawa a buhu lokacin kaka. Ku da kuka san kowane lungu na unguwa, ku san gidan marayu, ku san gidan tsohuwar da ɗanta ba ya gari, ku san magidancin da kunya ba za ta bar shi ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ƙarfin da kuka kai filin ƙwallo, da shi za ku ɗauki buhu ku ajiye a zauren mutum ku juya ba tare da kun ɗauke shi hoto ba. Saƙon murya kuma da ba ku san wanda ya yi shi ba, wai wani likita ya ce a sha kaza, wai allura makirci ce, ku bar shi ya mutu a wayarku.

Kai kuma ƙanena da na ji a bakin layi, ban riƙe ka a zuciya ba, yaro ne kai a lokacin. In ka koma gida yau, ka zauna kusa da mahaifiyarka ka tambaye ta su wa aka rasa a dangi da unguwa a azumin 2020. Ka bar ta ta lissafo maka su da sunayensu, kada ka katse ta. In ta gama ku yi musu addu'a tare. Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu.