Idan wanda ake zargi ya ce "ni ne", me ya rage wa ɗan sanda?

Akwai wata jimla da ba kasafai ake rasa ta a labarin kama mai laifi ba: "Wanda ake zargin ya amsa laifinsa." Da mai karatu ya iso wurinta sai ya sauke ajiyar zuciya, a ransa magana ta ƙare, saura hukunci. Ni kuwa a nan nake ƙara kasa kunne, domin tarihin shari'a cike yake da mutanen da suka ce "ni ne" alhali ba su ba ne. A ganina iƙirarin da aka samu a ɗakin tambayoyi sabon aiki yake ɗora wa mai bincike: ya tashi ya je ya duba ko abin da aka gaya masa ya dace da abin da ke ƙasa.

A 1983 aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 15 a ƙauyen Narborough da ke yankin Leicestershire a Ingila, an yi mata fyaɗe an shaƙe ta. A 1986 aka sake yin irin wannan ta'asa ga wata, ita ma 'yar 15, ba nisa da wurin farko. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17. Ya amsa kisa na biyu, ya ce bai san zancen na farko ba. Don su ɗaure shi da duka biyun sai suka nufi Jami'ar Leicester wurin Alec Jeffreys, masanin da a 1984 ya gano yadda za a bambance mutum da mutum ta ƙwayar halitta ta DNA. Amsar da ya ba su ta juya musu lissafi. Lallai mutum ɗaya ne ya kashe yaran biyu, amma ba wannan saurayin ba ne. Aka sake shi. Daga nan aka ɗebi jini ko yawun maza kimanin 5,000 na yankin, ba a dace ba, har sai da aka ji wani yana ba da labarin cewa shi ya je ya ba da jini da sunan abokin aikinsa. Abokin aikin nan, Colin Pitchfork, shi aka kama a 1987, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1988. Wato kafin gwajin DNA ya taɓa kama wani mai kisa, sai da ya fara wanke wanda ya riga ya amsa da bakinsa.

Dokar manyan laifuka, in aka ajiye tarin kalmomin lauyoyi gefe, tubalanta ba su da yawa. Ba a hukunta mutum sai a kan abin da doka ta riga ta kira laifi kafin ya aikata. A yawancin manyan laifuka dole a tabbatar da abu biyu, aikin da kuma niyyar da ke bayansa, shi ya sa wanda ya buge mutum da mota bisa kuskure da wanda ya auna shi da gangan ba hukuncinsu ɗaya ba, ko da yake gawa ɗaya ce a ƙasa. Nauyin kawo hujja kuma yana wuyan mai gabatar da ƙara, kuma sai ya kai ta inda babu sauran shakka mai tushe a zuciyar alƙali. A rikicin bashi ko na fili rinjayen hujja ya wadatar, amma a nan 'yancin mutum ne ko ransa a kan faifai. Sashe na 11 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Malaman fiƙihu sun riga su da ƙarnoni: kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Masanin shari'ar Ingila William Blackstone ya rubuta a shekarun 1760 cewa gara masu laifi goma su kuɓuta da a cuci mutum ɗaya da bai yi komai ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, wane mai hankali ne zai amsa kisan da bai yi ba? Mai wannan tambaya yana zaune ne a inuwa, ya ci ya ƙoshi, ya yi barcinsa. Wanda ake tambaya kuwa ya kwana a zaune, ba lauya, ba ɗan'uwa, mutane suna shiga suna fita suna maimaita masa magana ɗaya. An ce masa abokinsa ya riga ya tona shi. An ce an ga zanen yatsansa, ko da ba a gani ba. Sannan wani ya sassauta murya ya ce, "Kai dai faɗi abin da ya faru ka tafi gida." Yaro, ko mai raunin ƙwaƙwalwa, ko wanda tsoro ya gama da shi, ba ya hangen shekaru ashirin a kurkuku. Ƙofar da ke gabansa yake hange. In kuma aka kai ga duka, to babu sauran abin tattaunawa, wuya ba abin da ba ta sa baki ya faɗa. Shi ya sa sashe na 15 na yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ya hana kotu karɓar maganar da aka tatsa ta wannan hanya.

Wani abin da ya fi wuyar ganewa shi ne yadda bayanin sirri ke zubowa daga bakin mai tambaya zuwa bakin wanda ake tambaya. "Da igiya ka shaƙe ta ko da ɗankwalinta?" Shi ke nan, an sanar da shi cewa shaƙewa aka yi, an kuma ba shi zaɓi. Gobe a kotu sai a ce ya faɗi abin da mai kisa kaɗai zai sani. Ƙwararren mai bincike yakan ɓoye wasu bayanai, ya hana su jarida, ya hana su bakinsa, don su zama ma'aunin gwada duk wanda ya zo da iƙirari. Iƙirari mai nauyi shi ne wanda ya kai 'yan sanda ga abin da ba su sani ba, kamar ramin da aka binne wuƙa ko wanda aka sayar wa wayar mamaci.

A watan Afrilun 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe da dukan kawo wuƙa a dandalin Central Park na birnin New York. Aka kama samari biyar, shekarunsu 14 zuwa 16. Bayan doguwar tambaya suka amsa, an ma ɗauki huɗu daga cikinsu a bidiyo. Labaransu sun saɓa wa juna, kuma DNA ɗin da aka samu bai dace da ko ɗayansu ba, amma aka ɗaure su. Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya yi, gwaji ya gaskata shi, kotu ta soke hukuncin. A 2014 birnin ya amince ya biya su dala miliyan 41. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a watannin da hankalin kowa ke kan yaran nan, Reyes ya ci gaba da far wa mata, har ya kashe wata mai juna biyu. Wannan ita ce amsata ga masu cewa ƙa'idojin bincike gata ne ake yi wa ɓarayi. Duk ranar da aka rufe fayil a kan wanda ba shi ba ne, an ba mai laifin na gaskiya lasisin ci gaba.

Ban raina kukan 'yan sanda ba. Jama'a na neman a kama wani yau-yau, manya na bugo waya, kayan aiki ba su isa ba, ga fayil goma a tebur ɗaya. Gaskiya ne kuma mai laifi yakan fake da haƙƙinsa na yin shiru. Amma a duba shari'ar da ta fi shahara a wannan fage. A 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yi wa Ernesto Miranda saboda ba a sanar da shi cewa yana da damar yin shiru da neman lauya ba. An sake shari'ar ba tare da iƙirarinsa ba, aka kawo wata shaida, aka sake samunsa da laifi a 1967. Ingila kuma, bayan dokar aikin 'yan sanda da shaidu ta 1984, ta mai da naɗar tambayoyi a faifai al'ada, kuma ba a daina kama masu laifi a can ba. Naɗar ma kariya ce ga ɗan sanda mai gaskiya ranar da aka yi masa ƙazafin duka. Sharaɗin dai a kunna na'urar tun daga sallama. Bidiyon samarin New York ƙarshen zance kawai ya nuna, sa'o'in da suka haifar da shi babu wanda ya gani.

To in ba a dogara da baki ba, da me za a dogara? Da wurin da abin ya faru. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa a 1910, ya ɗora aikinsa a kan fahimtar cewa duk wanda ya shiga wuri zai bar wani abu, zai kuma ɗauki wani abu: sawun takalmi, zaren riga, gashi, ƙura, ɗigon jini. Tunanin ya girmi Locard nesa ba kusa ba. A ƙissar Annabi Yusuf, da magana ta zama tsakanin bakinsa da bakin matar mai gidansa, riga aka duba. In ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya shi ne. Aka ga ta baya ta yage.

Matsalar ita ce irin waɗannan shaidu ba su da tsawon rai. Ka duba abin da ke faruwa a sa'ar farko bayan an yi kisa. Maƙwabta sun cika ɗakin. Wani ya ɗauki wuƙar yana jujjuya ta, ya miƙa wa na kusa da shi. Wata baiwar Allah, da kyakkyawar niyya, ta kawo ruwa ta wanke jinin don kada yara su gani. An gyara wa mamaci kwanciya, an rufe shi da zane. Wani yaro ya tsinci kwanson harsashi ya sa a aljihu. Kafin ƙwararru su iso, sawu hamsin sun hau kan sawu ɗayan da ake nema. Babban aikin ɗan sandan da ya fara isowa, bayan ceton wanda ke da sauran numfashi, shi ne ya killace wurin, ya rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, ya raba shaidu kada su haɗa baki ko da ba da gangan ba, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Riga mai ɗanyen jini ana shanya ta ta bushe a sa a ambulan na takarda, domin a leda gumi take yi ta yi fumfuna, DNA ya lalace. Kowane abu da aka ɗauka a liƙe shi, a sa masa lamba, kuma duk hannun da ya bi ta kansa daga wurin zuwa ɗakin gwaji zuwa kotu ya sa hannu a takarda. In aka sami giɓi a wannan jerin, lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya, wa ya tabbatar wannan ce wuƙar? Kuma yana da gaskiyar tambaya.

Sai dai kada mu sauke iƙirari daga karaga mu ɗora mai farar riga, wato masanin ɗakin gwaje-gwaje. Finafinai sun sa mutane na ganin in kwamfuta ta yi magana an gama. Bayan harin bam a jiragen ƙasa na Madrid a watan Maris na 2004, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta ce zanen yatsan da aka samu a jikin wata jaka na wani lauya ne Musulmi a jihar Oregon, Brandon Mayfield. Ya yi mako biyu a tsare kafin 'yan sandan Sifen su nuna cewa yatsan wani ɗan Aljeriya ne. Gwamnatin Amurka ta ba shi haƙuri da diyyar dala miliyan 2. A 2015 hukumar ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka sake dubawa, masu kwatanta gashi da madubin ƙara girma sun faɗa wa kotu abin da ya wuce ƙarfin iliminsu. A Jamus kuwa an shafe shekaru ana farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40, har da kisan wata 'yar sanda a Heilbronn a 2007. A 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar da ake shafo samfur da ita. DNA yana iya nuna cewa jikin mutum ya taɓa wani abu. Yaushe ya taɓa, da wace niyya, wannan sai an yi tattaki an tambaya.

Saboda haka ne nake ganin gwamnatin da ke son gyara binciken laifuka bai kamata ta fara da na'ura mai tsada da za a yanke wa ƙyalle a gaban kyamara ba. Ta fara da igiyar killace wuri, safar hannu, ambulan, littafin rajista, na'urar naɗar murya a kowane ɗakin tambayoyi, da horar da ƙaramin ɗan sandan da ke fara isa wurin. Ta raba ɗakin gwaje-gwaje da ofishin masu bincike, don kada mai gwaji ya san amsar da ake so kafin ya duba. Ta kuma ba wanda ake tuhuma damar kawo nasa ƙwararren ya sake gwada samfurin, in ba shi da hali a biya masa daga baitulmali.