Abin da Ba'amurke Yake Koya a Tsakanin Jamusawa: Nasiha ga 'Yan Uwana Matasa

Ya ku 'yan uwana matasa, a kudu maso yammacin Jamus akwai wani gari mai suna Kaiserslautern, kusa da shi kuma akwai sansanin sojan sama na Ramstein, inda dubun dubatar Amurkawa suke zaune da iyalansu, sojoji da ma'aikatan farar hula da malaman makaranta. Tun da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 Amurkawa ba su rabu da zama a Jamus ba, kuma ban da sojoji akwai ɗalibai da injiniyoyi da waɗanda aure ya kai su Berlin ko Munik ko Hambug. Waɗannan mutane ba yunwa ce ta koro su daga gida ba, domin sun fito ne daga ƙasar da ta fi kowace ƙasa ƙarfin tattalin arziki a duniya, amma duk da haka da yawansu sukan shaida cewa zama da Jamusawa ya koya musu wasu ɗabi'u da arzikin ƙasarsu bai saya musu ba. Idan ɗan ƙasar da ta fi kowa dukiya zai iya sunkuyar da kai ya koyi hali daga maƙwabcinsa, to babu wani daga cikinmu da ya fi ƙarfin ya tsaya ya saurara.

Abin da yakan fara ɓata wa Ba'amurke rai shi ne ranar Lahadi. Ya saba a ƙasarsa ya shiga mota ya je babban kanti a kowace rana, wani lokaci ma da tsakar dare, ya sayi abin da ransa yake so, sai ga shi ya wayi gari a Jamus babu madara a gida, ya fita ya tarar da kantuna a rufe ƙirif, in ban da na tashar jirgin ƙasa da gidajen mai da wasu gidajen burodi da suke buɗewa na 'yan sa'o'i. Wannan rufewa tana da tushe a doka, domin kundin tsarin mulkin Jamus na 1949, a sashe na 140, ya ɗauko wani tanadi daga tsohon kundin tsarin mulkin ƙasar na 1919, wanda ake kira kundin Weimar, wanda ya keɓe Lahadi da ranakun hutu a matsayin ranakun barin aiki da samun natsuwar zuciya. A makonnin farko baƙon yana ganin an tauye masa 'yanci. Bayan wasu watanni sai ya lura cewa ya koyi yin cefanensa tun ranar Asabar, ya kuma lura cewa tun da babu inda za a je a kashe kuɗi, iyali sukan fita yawo a ƙafa cikin daji ko bakin kogi, a ziyarci kakanni, a zauna da yamma a sha kofi da kek. Daga nan ne yakan gane abin da bai taɓa tunani a kai ba, wato mai aiki a kantin nan shi ma yana da 'ya'ya, kuma sauƙin da shi mai saye yake samu a Amurka ranar Lahadi da hutun wani talaka ake biyansa.

A nan nake so ku tsaya ku yi tunani, domin duk sauran ɗabi'un daga wannan saiwa suka tsiro. Bajamushe ya yarda ya rage wa kansa wani abu domin maƙwabcinsa ya samu, bisa sharaɗin cewa maƙwabcin shi ma zai rage domin shi. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokaci ne na shiru a unguwannin zama, ba a ƙure kiɗa, ba a buga guduma. Ranar Lahadi ba a tayar da injin yankan ciyawa, ba a huda bango, har ma ba a jefa kwalabe a mazubinsu na bakin titi saboda ƙarar fashewarsu. A yankin Stuttgart akwai tsohuwar al'ada da suke kira Kehrwoche, inda mazauna bene ɗaya suke karɓa-karɓa, kowane gida da makonsa na share matakala da bakin ƙofa, a rataye alama a ƙofar wanda aikin ya zo kansa. Ba'amurke da ya tashi da tunanin cewa gidansa daularsa ce yakan ji zafi ran da maƙwabciya ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce ya rage murya, har zuwa daren da shi ma ya dawo a gajiye, jaririnsa ya yi barci, ya tarar duk benen ya yi tsit dominsa. Mu da muka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya game da maƙwabci har ya zaci zai sanya shi cikin magada, bai kamata wannan ya zama baƙon darasi a gare mu ba. Abin tambaya shi ne ko matashin da ya ƙure amsa-kuwwa har asuba saboda bikin abokinsa ya tuna da marar lafiyan da yake bayan katanga.

Sai maganar aiki da hutu. Jamusawa suna da kalma guda, Feierabend, wadda take nufin lokacin da aka tashi daga aiki, kuma suna girmama lokacin nan kamar yadda suke girmama aikin kansa. Dokar ƙasar ta wajabta wa mai aikin kwana biyar a mako hutun aƙalla kwana 20 a shekara da cikakken albashi, wurare da yawa ma suna ba da 30, kuma idan ma'aikaci ya kwanta rashin lafiya, wanda ya ɗauke shi aiki zai ci gaba da biyansa har tsawon mako shida. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta ba da hutun shekara mai albashi, dokar 1993 da ta shafi haihuwa da jinya kuwa mako 12 ta bayar ba tare da biya ba. Saboda haka Ba'amurke yakan zo da ɗabi'ar daɗewa a ofis domin shugaba ya gan shi, da zuwa aiki yana tari domin a ce jarumi ne, sai ya tarar abokan aikinsa suna kallon mai daɗewa a matsayin wanda bai iya tsara lokacinsa ba, mai tarin kuma a ce masa ya koma gida kada ya shafa wa mutane. Kada ku ɗauki rabin darasin ku bar rabi. Hutun nan yana da daraja ne saboda sa'o'in aiki na aiki ne zalla, babu doguwar hira, babu latsa waya, babu fita a dawo bayan awa biyu. Wanda yake son hutun Bajamushe amma ba ya son aikin Bajamushe yaudarar kansa yake yi.

Game da kiyaye lokaci ba zan tsawaita ba, domin kowa ya ji labarinsa. Gaskiya ne a 'yan shekarun nan jiragen ƙasa masu dogon zango a Jamus suna yawan makara, Jamusawa da kansu suna kuka da hakan, amma tsakanin mutum da mutum alkawari kaya ne: wanda aka gayyata ƙarfe 7 zai danna ƙararrawa ƙarfe 7, idan kuma zai makara da minti goma sai ya buga waya ya ba da haƙuri, saboda a wurinsu lokacin da ka ɓata wa mutum wani yanki ne na rayuwarsa ka ɗauka ba da izininsa ba.

Abin da ya fi wahalar haɗiyewa ga Ba'amurke shi ne yadda suke magana. Ya saba da murmushi ga kowa, da kiran wanda suka haɗu jiya aboki, da cewa sai mun haɗu mun ci abinci alhali ba shi da niyyar haka. Bajamushe kuwa idan ka tambaye shi lafiyarsa zai iya tsayawa ya ba ka amsa ta gaskiya, idan ka ce za ka ziyarce shi sai ya tambaye ka wace rana, idan aikinka bai yi kyau ba sai ya faɗa maka a gabanka ba tare da ya lulluɓe maganar da yabo ba. A harshensu akwai bambanci tsakanin Sie na girmamawa da du na sabo, kamar yadda muke cewa ku ga babba da kai ga tsara, kuma mutane sukan yi shekaru suna aiki tare ba su sauya ba. Haka nan suna rarrabe aboki da wanda aka sani kawai, ba sa raba sunan aboki kamar goro. Da farko baƙo yana ganin wannan sanyin hali ne da rashin fara'a, daga baya sai ya samu wata irin natsuwa da bai saba da ita ba, domin ya daina kwana yana tunanin abin da ake nufi a bayan magana. Wanda ya ce masa to, to ɗin yake nufi, kuma abokin da ya ɗauki shekara biyu kafin ya sake da shi, shi ne zai zo ya taya shi ɗaukar kaya zuwa hawa na huɗu ran da zai sauya gida. Ba ina ce muku ku jefar da kunya da kara ba, su ado ne kuma suna hana ɓarna mai yawa, amma ku raba su da ƙarya. Cewa in Allah ya yarda alhali zuciyarka ta riga ta yanke ba za ka yi ba, ba ya cikin kara, saɓa alkawari ne da aka yi wa riga da sunan Allah.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da mutum yake yi a inda babu mai ganinsa. Za ka ga Bajamushe a tsaye a bakin titi da dare, babu mota ko ɗaya, yana jiran fitilar masu tafiya a ƙasa ta zama koriya. Tarar tsallakawa da ja Yuro 5 ce kacal, don haka ba tsoron tara ne ya tsayar da shi ba. A wasu mararrabai har allo ake kafawa ana tunatar da manya su zama abin koyi ga yara. Haka sha'anin shara: takarda da mazubinta, ledoji da gwangwanayen kayan abinci da nasu, ragowar abinci da nasa, kwalabe kuma a raba su fara da koriya da ruwan ƙasa. Tun 2003 ake ɗora ajiyar santi 25, wato kwata na Yuro, a kan gorar roba da gwangwanin abin sha da ake amfani da su sau ɗaya, idan ka mayar da su cikin na'urar da ke kanti a dawo maka da kuɗinka. Wanda ba ya son ɗaukar gorarsa zuwa kanti yakan ajiye ta a gefen kwandon shara maimakon ya jefa ciki, domin tsoho ko marar galihu da yake tsintar su ya ɗauka ba tare da ya cusa hannu cikin ƙazanta ba. Wannan ɗan abu yana taɓa zuciyata fiye da manyan hanyoyinsu da motocinsu.

Batun bashi ma abin lura ne. A Jamusanci kalmar bashi da kalmar laifi tushensu ɗaya, Schuld, kuma ko da yake bashi hanji ne, yana cikin kowa, Bajamushe ya fi son ya tara kafin ya saya, ya biya da kuɗi hannu ko da abin da yake cikin asusunsa, ya gyara abin da ya lalace maimakon ya jefar. Ba'amurke da ya girma da katin cin bashi na banki, wanda watakila har yanzu yana biyan bashin karatun jami'a, yakan yi mamakin ganin mai kuɗi yana hawan keke zuwa ofis yana zaune a gidan haya ba tare da jin ya ƙasƙanta ba. Yakan kuma yi mamakin darajar mai sana'ar hannu, domin matashi yana shafe shekara biyu zuwa uku da rabi yana koyon aiki, wasu ranaku a makaranta wasu a wurin aiki, ana biyansa alawus, a cikin sana'o'i fiye da 300 da hukuma ta amince da su, kuma kafinta ko mai gyaran wuta da ya kai matsayin Meister, wato ƙwararren ubangidan sana'a, ba ya jin yana ƙasa da mai digiri. Ku da kuke zaune kuna jiran aikin ofis kuna jin kunyar riƙe sufana, ku dubi wannan da kyau.

Ba na so ku ɗauka Jamus aljanna ce. Cike takardu a ofisoshinsu yana cin rai, kaɗaici yana damun baƙi ƙwarai musamman a lokacin hunturu da rana take faɗuwa tun wajen ƙarfe 4 na yamma, akwai masu ƙin baƙi, kuma baƙar fata yakan gamu da abin da farar fatar Amurka ba zai taɓa gamuwa da shi ba. Akwai ma abubuwan da Ba'amurke yake kewarsu da gaskiya, kamar sakin fuska ga wanda ba a sani ba da saurin taimakon baƙo a hanya. Shi ya sa nake gargaɗin wanda Allah ya nufe shi da zuwa can, karatu ko aiki, da ya riƙe addininsa da mutuncinsa da zumuncinsa, amma kada ya yanke wa mutanen hukunci a watanninsa uku na farko, domin a lokacin nan kowace doka ƙaya ce. Ya koyi harshen ko da kowa yana iya amsa masa da Turanci, ya gaishe da maƙwabtansa a matakala, ya karanta ƙa'idar gidan da aka manna a bakin ƙofa tun ranar da ya shiga, ya tambayi wace rana ake fitar da wane kwandon shara, idan kuma zai tara baƙi ranar Sallah ya rubuta 'yar takarda ya sanar da mutanen benen tun kwana biyu kafin ranar, ya kai musu ɗan nama ko cincin idan ya samu hali.