Wa ya naɗa ku alƙalai a kan gawar Daso?

Ranar Talatar jajiberin Sallah, 9 ga Afrilun 2024, ina zaune a tsakar gidan goggona a unguwar Jekadafari da ke Gombe ina jiran tela ya kira ni, labari ya shigo cewa Saratu Giɗaɗo, 'yar wasan finafinan Hausa da aka fi sani da Daso, ta rasu. Goggo na gaban kasko tana suyar cincin, ga azumi a baki, ga hayaƙi na cin idonta. Jikarta ce ta karanto daga waya. Goggo ta ajiye matsami a kan faranti, ta yi salati, ta ce, "Ke 'yar nan, duba da kyau, mutanen wayar nan sun saba kashe mutum da ransa." Aka duba, gaskiya ne. Daso ta yi sahur, ta koma ta kwanta, shi ke nan, tana da shekara 56. Goggo ta ja gefen ɗankwali ta share ido. Cincin ɗin da ke cikin mai ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya ce mata kanzil.

Da yarinyar ta tsaya nan, da ban rubuta komai ba. Sai ta ci gaba da karanto abin da mutane ke cewa. Tun ba a kai baiwar Allah makwancinta ba, Facebook da TikTok sun cika da irin ta'aziyyar nan mai ƙaya a ciki: "Allah ya jiƙanta, amma..." Da ka ji "amma" ka san abin da ke tafe. Wannan ya ce sauran 'yan fim su shiga taitayinsu. Wancan ya ce a gaggauta goge finafinanta don a rage mata nauyi, sai ka ce ya leƙa ya ga mizanin. Wani ya ce abin kunya ne manyan mata su zauna suna kukan 'yar wasan kwaikwayo alhali ana kashe bayin Allah a Gaza da Zamfara. Har da mai jero mata tambayoyin da za ta amsa a kabari.

Mun dai saba gani. Haka aka yi a Oktoban 2023 da Hajiya Binta Ola ta rasu, haka aka maimaita a Fabrairun 2024 da Fatima Sa'id, wadda duk gida ya fi sani da Bintu, ta cika bayan jinya. Su biyun 'yan shirin Daɗin Kowa ne na Arewa24. (Mu nan Gombe, a da in an ce Daɗin Kowa, dam da kifi ke faɗo mana a rai, yanzu sai ka tambaya, garin ko shirin.) Mata uku cikin wata shida da 'yan kwanaki, kuma kowace sai da aka shimfiɗa mata tabarmar shari'a kafin ƙasar kabarinta ta bushe.

To su wa ke zaune a kan wannan tabarma? Mu ne dai, 'yan kallo. Daso ta shiga harkar fim tun shekarar 2000. Lokacin kaset muka saya, lokacin faifan CD muka yi haya, da aka koma turawa a waya muka yi layi gaban masu kwamfuta a bakin kasuwa da Tashar Dukku muna miƙa 'yan canji a cika mana memori. Shekara 24 tana shigowa ɗakunanmu da yardarmu, mu ne muke kunna ta, mu ne muke ƙara murya. In har abin da ta yi zunubi ne kamar yadda alƙalan nan suka yanke, to idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a yin kasuwa da mai sayarwa shi kaɗai.

A daren nan bayan shan ruwa ɗan yayana, wanda ya fara tara gemu a jami'a, ya ce da ni, "Bappa, gaskiya ɗaya ce, ya kamata a faɗa wa mutanen nan su tuba, wannan izina ce." Na ce ya ba ni wayarsa. Ya yi jim, ya miƙo. Babu abin kunya a ciki, in faɗi gaskiya, amma shirye-shirye masu dogon zango sun kusa cinye masa memori, zango na ɗaya, na biyu, na uku, a jere kamar littattafan makaranta. Na ce, "To ga wurin fara gogewa." Ya yi dariya ya ce ai shi don ɗebe kewa yake kallo. Na ce ita ma Goggo don ɗebe kewa take kallo, bambancinku ita da matar ta mutu ta yi mata addu'a ta yi shiru.

Ni ba malami ba ne, kuma ba zan yi shigar malamai ba. Amma abin da ke cikin Bukhari ba ɓoyayye ba ne: Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. A Sahihu Muslim kuma akwai labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, Allah ya gafarta wa wanen, ya rushe aikin mai rantsuwar. Yaran Islamiyya sun san waɗannan. Kuka kuwa, shi kansa Fiyayyen Halitta ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Matar da ta yi sahur a ranar ƙarshe ta Ramadan ta cika da azumi a bakinta, ni dai ba ni da ƙarfin halin da zan ce ga inda ta nufa, ko nan ko can. Mamakina mai wannan ƙarfin halin, wanda sallar asubarsa ta ranar ma sai an bincika.

Za su ce ai mutuwa wa'azi ce. Ƙwarai, wa'azi ce ga mai rai, wato kai, sai ka ji da kanka. Masu maganar Gaza da Zamfara kuwa, zuciyar mutum ba kwanon awo ba ce da za a ce in an zuba jimamin wani babu wurin na wani.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rainin da ake yi wa kukan mata irin su Goggo. Namiji ya fita tun safe, yana da kasuwa, yana da majalisa, yana da teburin mai shayi, yana da gidan kallon ƙwallo inda zai yi ihu har muryarsa ta dishe saboda wasu yara a Ingila da ba su san da zamansa a duniya ba. An sha ganin wanda ya ƙi cin tuwon dare don an ci ƙungiyarsa, ba wanda ya kira shi jahili. Matar gida fa? Ta gama wanke-wanke, ta sallami yara, in an yi sa'a da wuta ko an tayar da janareto, abokin hirarta shi ne akwatin nan. Tun da mijin Goggo ya rasu, 'ya'ya suka watse Abuja da Kaduna da Bauchi, muryoyin da suka fi yawan shiga ɗakinta da dare na 'yan wasan nan ne. Ta san su kamar yadda ta san maƙwabta. Tana yi musu faɗa, tana ba su shawara, in an cuci wata a shirin sai ta kwana da abin a rai.

Ita kuwa Daso ta fi kowa shan faɗan Goggo. Rawar da aka fi saninta da ita ai ta masifaffiya ce: uwar miji mai tsugudidi, kishiya mai makirci, uwar da ke zuga 'yarta ta tayar da gida. Da ta zaro ido ta riƙe ƙugu, Goggo za ta tafa hannu ta ce, "Kai, wannan mata ba ta tsoron Allah!" Sannan ta kwashe da dariya har da hawaye. Me ya sa? Domin kowane gida yana da irin wannan matar, kuma ba a isa a yi mata dariya a gabanta ba. Amaryar da surukarta ta hana ta sakat ba ta da bakin magana, kunya da tarbiyya sun ɗaure ta. Sai ta zauna gaban talabijin, ga surukar tata an fito da ita tsaf, da tafiyarta da harararta, a yi mata dariya a huce. Wani lokacin ma da surukar ake kallon, ita ma tana dariya, ba ta gane kanta ba, ko ta gane ta share. Wanda bai taɓa zaman gidan yawa ba ba zai san girman wannan aikin ba.

Ina kuma zargin cewa da yawa daga masu yanke mata hukunci, matar cikin fim suke yi wa shari'a. Ta iya rawar har ta kai an kasa raba ta da ita. Alhali fadar Kano, wadda ba a shiga da wargi, ta ga ta isa ta riƙe muƙamin jakadiya a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi II. Mu kuma nan muna da ƙarin dalilin jin abin, tunda tushenta Gombe ne.

A lura da wani abu. Da Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, Arewa gaba ɗaya ta girgiza, aka yi ta tuna barkwancinsa ana yi masa addu'a. Da Samanja ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023, dattijon arziki aka kira shi, kuma ya cancanta. Ban ce ba a samu masu surutu ba, ba a rasa nono a ruga. Amma irin wannan rububin na tono, da binciken ɗankwali da mayafi, da tambayar aure nawa ta yi, mata ake tanadar wa shi. Sana'a ɗaya, kyamara ɗaya, 'yan kallo ɗaya. Namiji ya mutu a ce an yi rashin mai faranta wa jama'a, mace ta mutu a ce ga izina.

Kuma wannan tausayin na a rage mata nauyin kabari, ina yake shiga lokacin da suke raye? A Fabrairun 2022 Hajiya Ladin Cima, da aka fi sani da Tambaya, wadda ta fara wasa tun zamanin wasannin talabijin kafin a san wani abu Kannywood, ta gaya wa BBC Hausa cewa dubu biyu, dubu uku, dubu biyar ake sallamarta da su a fim, ga shi tana neman wurin da za ta sa haƙarƙarinta. Wasu furodusoshi suka musanta, aka yi mako ana cacar baki, aka wuce. Ko an yarda da lissafinta ko ba a yarda ba, tsohuwa ce ta yi kuka a bainar jama'a, kuma ban ga rundunar masu wa'azin nan ta yi gangamin kama mata haya ba. A 2016 gwamnatin Buhari ta zo da maganar gina alƙaryar fim a Kano, aka yi ca har aka janye. Shi ke nan, an hana. An daina kallo? Ko kusa. Muna son fim ɗin, ba ma son a ce mun san masu yin sa. Mu ci moriyarsu da dare, da rana mu ɗauke kai, ranar mutuwa mu fito da sanda.

Ɗaya ɓangaren ma ba wankakku ba ne, kada su ɗauka na manta da su. Ina nufin masu shafukan da ko awa ɗaya ba a yi da rasuwar ba sun yanko tsofaffin bidiyonta, sun ɗora waƙar tausayi a kai, sun rubuta "kalli maganarta ta ƙarshe" don a danna a bi su. Da mai wa'azin kan gawa da mai tallar gawa, jirgi ɗaya ya kwaso su, kowa mabiya yake nema, ɗaya da carbi ɗaya da kiɗa. 'Yan siyasa ma sun aiko da takardun ta'aziyya har daga fadar shugaban ƙasa, abin da ba ya cin ko sisi.

Abin yi ba wani mai tsawo ba ne. Limamanmu na Juma'a su ɗauki minti biyar su tuna wa matasa ladubban magana a kan mamaci, tunda daga bakinsu aka fi ji. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN da hukumar fina-finai ta ƙasa, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, su dubi maganar asusun jinya da tsufa na 'yan wasa, musamman matan da ƙarfinsu ya ƙare. Yadda za a tara da wanda zai riƙe, su suka san junansu. Wanda kuma ya yi imani har zuciya cewa finafinan nan nauyi ne a kanta, ya goge na wayarsa shiru, ya ɗaga hannu ya roƙa mata gafara, ba sai ya yi mana sanarwa ba.

Washegarin Sallah Goggo ta sa aka ƙara kwaɓin waina fiye da na gida. Ɗan yayan nawa ya buɗe baki zai fara maganar hukuncin sadakar uku, ta dube shi sau ɗaya, ya mayar da bakinsa ya rufe. Yaran unguwa masu yawon Sallah suka shigo da sababbin kaya, ta zuba musu a leda, ta ce su yi wa wata baiwar Allah mai suna Saratu addu'a. Wani ƙarami mai hula ta fi kansa ya ce, "Goggo, 'yar'uwarki ce?"

Ta ce, "Karɓi wainarka ka yi Fatiha, kai dai."